Sunan da Muka Zaɓa da Wanda Muka Tarar a Dapaong

Shekarar da aka yi ta rufe jami'a ana buɗewa, ina aji biyu ina karanta Turanci a Lome. Kusan kullum sai mun ga hayaƙin taya daga wata unguwa, kusan kullum sai an yi gudu. Da abin ya ishi Babana, sai ya sa direban da ke kawo masa goro ya ɗauko ni ya maido ni gida Sokode. Na dawo da akwatina ban san ranar komawa ba.

Gidanmu a unguwar Kpangalam yake. Inna tana sayar da wace a ƙofar gida, wato shinkafa da wake, kuma kafin rana ta yi tsaka tukunyarta ta ƙare. Nakan taya ta zuba yaji da wanke kwanoni, sauran yinin kuwa sai zaman sauraron rediyo. Ba ni kaɗai ba ce. Garin cike yake da ɗaliban jami'a da suka dawo, suna yawo da littafi a hammata ba su da inda za su.

A cikinsu akwai wani ɗan unguwarmu mai karatun shari'a, wanda tun yana ajin farko muke ce masa Lauya. Ya taɓa zuwa Gana wurin wani ɗan'uwansa, a can ya ga ɗaliban wata jami'a suna irin muhawarar da ba mu taɓa gani ba. Mutum takwas ne, bibbiyu, kashi huɗu. Kashi biyu suna gefen da ake kira gwamnati, su ke kare batun da aka kawo. Sauran biyun su ne adawa, su ke rusa shi. Ba kai ke zaɓar gefenka ba, ƙuri'a ake jefawa. Wanda ya fara magana ana kiransa Firayim Minista, wanda ya fara mayar masa da martani kuma madugun adawa. Lauya ya ce jami'o'in ƙasashe da dama suna haɗuwa su yi gasa a kan wannan tsari. Ya neme ni ne don ƙa'idojin da Turanci ya ji su, yana son in taya shi mayar da su Faransanci.

Muka riƙa taruwa da la'asar a rumfar bayan gidansu. Mata biyu ne kawai a cikinmu, ni da wata 'yar garin Adjengre mai karatun labarin ƙasa. Da Faransanci muke muhawarar, in an tashi kuma mu koma Hausa da Kotokoli muna tsokanar juna. Ban taɓa jin daɗin wani abu kamar wannan ba. A waje mutane ba sa iya gama jimla kan siyasa sai an kai hannu wuya, mu kuwa a rumfar nan kana iya kare abin da ka tsana, ka sha ruwa, gobe ka rusa shi.

Wanda ya fi mu iyawa wani ɗan Dapaong ne, ɗan ƙabilar Moba, mai karatun lissafi. Yana zaune a Sokode wurin yayarsa saboda mahaifinsa bai so ya zauna kusa da abokan da suka dawo daga Lome da zafin kai. Mahaifin akawu ne a ofishin gwamnati, ya daɗe yana aiki, kuma kowa a garinsu ya san gefen da yake. Yaron ba shi da surutu. Hausar kasuwa yake yi, mace da namiji duk "kai" yake ce musu. Amma in ya miƙe a rumfa sai ka ga kamar an canza mutum.

Shi ne ya kawo mana gayyatar. Wani tsohon malaminsa na lise, wato makarantar sakandare, a Dapaong ya ji labarinmu, ya ce mu zo mu nuna wa 'yan ajin ƙarshe yadda ake yi, tunda su ma karatun ya tsaya cak. Malamin ya ce mu aiko masa da sunan abin don ya sanar. A nan muka farga cewa duk watannin nan ba mu taɓa kiransa da wani suna ba. "Abin Lauya" muke cewa.

Muka ware yini guda don wannan. An yi ruwa da safe, rumfar tana ɗiga, muka takure a gefe ɗaya.

Lauya ya ce, "Ban ga abin tattaunawa ba. Abin yana da sunansa. Salon majalisar Ingila ake ce masa. Ba mu muka haife shi ba da za mu raɗa masa suna."

Ɗan Dapaong ya ce, "A garinmu in ka ce majalisa, ba wanda zai tsaya ya ji Ingila."

"Sai mu koya musu."

"Kai za ka koya musu ka hau mota ka dawo Sokode. Ni a can gidanmu yake."

'Yar Adjengre ta ce a kira shi muhawara mai kusurwa huɗu. Wani ya ce wannan kamar sunan ɗaki ne. Wani kuma ya ce "musu mai ƙa'ida", muka yi dariya don ba mu san yadda za mu juya shi zuwa Faransanci ba tare da ya zama zagi ba. Aka kawo sunan Sokode, aka ce salon Sokode, ɗan Dapaong ya girgiza kai ya ce wannan ma ya fi majalisa muni, domin a arewa ana kallon Sokode a matsayin garin masu tayar da ƙayar baya. Ni na tuna maganar Lauya cewa ƙasashe da yawa suna gasa a kai, na ce to a ce salon duniya mana. Ba na kowa ba ne, ba na Ingila ba, ba na Gana ba, ba namu ba.

Lauya ya ce, "Wannan sunan matsorata ne. Kun wanke abin har ya rasa ɗanɗano."

Na ce, "Ɗanɗanon yana cikin muhawarar, ba a allon sanarwa yake ba."

Muka daɗe a kai har aka kira sallar la'asar, muka tashi muka dawo muka ci gaba. Ɗan Dapaong ya ƙara da roƙon cewa a can kada a ce gwamnati da adawa, a ce masu goyon baya da masu suka, kuma a bar maganar Firayim Minista. A ƙarshe aka ɗaga hannu. Lauya da mutum ɗaya ne suka tsaya kan majalisa, sauranmu muka zaɓi salon duniya. Lauya ya yi dariya, ya buga tafi, ya ce ya sha kaye kuma ya karɓa, ai abin da ake ta mutuwa a kai a Lome ke nan. Har ya ce shi zai riga mu tafiya ya kai sunan, ya taya malamin shirya ɗaki. Muka gode masa.

Mun kuma zaɓi batun da muke ganin ba shi da haɗari ko kaɗan: uba ne ya kamata ya zaɓa wa ɗansa abin da zai karanta. Mun taɓa yin sa a rumfa, muka sha dariya.

Ranar Juma'a bayan masallaci muka shiga mota. Babana ya yarda ne kawai saboda ƙanen Inna, Kawu, yana zangon Dapaong yana fataucin shanu, a gidansa zan sauka. Hanyar ta yi tsawo don shingaye. Wani shingen masu kaki ne, wani kuma samari ne da gungumen itace, kuma a kowanne sai direba ya canza harshen da yake gaisuwa da shi. Bayan garin Mango aka bar mu muka yi ta gudu cikin gonakin dawa.

Ina cire takalmi a ƙofar ɗakin Kawu, bayan gaisuwa, ya dube ni ya ce, "Wai ke ma kina cikin 'yan majalisar da za a kafa gobe?"

Na ce, "Wace majalisa, Kawu?"

"Ta lise mana. Yau kasuwar shanu ba a yi wata magana ba sai ita."

Na ce masa an dai yi kuskuren ji, wasan makaranta ne. Ya ce Allah ya sa, ya sa aka kawo mini tuwo. Na ci, amma ban ji ɗanɗanonsa ba.

Da hantsi muka haɗu muka nufi makarantar. Tun daga nesa muka hango farin ƙyalle an ɗaure shi daga wannan ginshiƙin ƙofa zuwa wancan, an yi rubutu da jan fenti, manyan baƙaƙe, da Faransanci: Majalisar Matasa, Gwamnati da Adawa Gaba da Gaba. Na tsaya a tsakiyar hanya har wani mai keke ya kusa bige ni. Na karanta, na sake karantawa, ina neman kalmar duniya ko a ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Babu ita.

Filin makarantar kuma ba 'yan ajin ƙarshe ba ne a ciki. Manyan mutane ne. Akwai 'yan kasuwa, akwai ma'aikata da rigunansu na ofis duk da Asabar ce, akwai samari a kan katanga, akwai wasu da suka jingina da bishiya ba sa magana da kowa, suna kallon fuskar duk wanda ya shigo. Ɗan Dapaong yana gefena. Na ji numfashinsa ya canza.

Muka sami Lauya a bayan ɗakin taron yana jera kujeru. 'Yar Adjengre ce ta fara magana, ta tambaye shi ko malamin ne ya canza sunan.

Ya ce, "Ni na ba shi."

Na ce, "Mun ɗaga hannu. Kai da bakinka ka ce ka karɓa."

"Na karɓa a rumfa. Da na zo nan na ga garin, sai na ga kun yi kuskure. Mutanen nan ba su taɓa jin an ce adawa a ɗaki ɗaya da gwamnati an tashi lafiya ba. Yau za su gani. In muka ɓoye kalmar, me muka zo yi?"

Ɗan Dapaong ya ce a hankali, "Babana yana layin gaba."

Lauya ya ce, "Shi ya fi kowa buƙatar gani."

Yadda ya faɗi maganar ba kunya, ba fushi, fuskarsa tana haske kamar mai kawo albishir, shi ya fi ƙyallen kaɗa ni. Wata da watanni ina zaune kusa da mutumin nan ina fassara masa ƙa'idoji, ashe ban san shi ba.

Muka ce ba za mu yi ba. Malamin ya zo yana zufa, ya ce shi ma bai zaci jama'a za su kai haka ba, amma in aka sallame su yanzu kowane gefe zai ce ɗaya gefen ne ya hana, kuma ba ya iya lamunce abin da zai biyo baya. Ya ce mu yi maza mu yi, su ga wasan yara ne, su gaji su watse. Muka yarda da sharaɗin ba za a ambaci muƙamai ba. Aka zuba ƙuri'a a hular malamin. Ni na ɗauko ta farko a gefen masu goyon baya. Ɗan Dapaong ya buɗe tasa, ya nuna mini: na farko a gefen masu suka. Wani a cikinmu ya ce a musanya masa da ta wani, amma jama'a sun riga sun cika tagogi suna kallon hannuwanmu.

Lauya ne alƙalin zama. Ya miƙe ya karanta batun, sannan ya nuna ni ya ce da babbar murya, "Mai girma Firayim Minista." Ɗakin ya yi guɗa da gunaguni a haɗe. Ban san yadda na kai gaba ba. Na faɗi abin da na tanada, cewa uba ya riga ɗa ganin duniya, shi ya ciyar da shi, shi ya san inda ramuka suke, ɗa mai hankali yana bin zaɓin ubansa. Ina cikin faɗa na ga ma'aikatan layin gaba suna gyaɗa kai suna tafi, samarin taga kuma suna tsaki. Sai a lokacin na ji abin da su suke ji. A ƙasar nan, a shekarun nan, in ka ce uba a bainar jama'a, mutum ɗaya kowa ke tunawa, wato shugaban ƙasa. Mu duka da iliminmu ba wanda ya hango wannan. Na gajarta maganata na zauna.

"Madugun adawa," in ji Lauya.

Ɗan Dapaong ya miƙe. Na san shi, na ga yana ƙoƙarin yin magana mara armashi, yana kallon ƙasa, yana jan kalmomi. Ya ce yana girmama iyaye. Ya ce ba wanda ya isa ya biya uba. Sannan, don dole ne ya soki batun ko da jimla ɗaya, ya ce, "Sai dai uba ma yana iya kuskure, kuma in ɗa ya girma ya kamata a bar shi ya zaɓa."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Samarin taga suka ɗauki ihu suna buga kwanon rufi, suna maimaita "a bar shi ya zaɓa". Wasu daga ciki suka miƙe suna nuna su da yatsa. Benci ya kife. Dutse ya shigo ta taga ya fasa gilashi, ya sami wata yarinya 'yar makarantar a goshi, jini ya rufe mata ido. Lauya yana buga tebur yana cewa a yi tsit, ba mai jin sa.

A cikin wannan hargitsi wani dattijo siriri mai farar riga ya taso daga layin gaba, ya taka har gaban ɗan Dapaong. Kamanninsu ɗaya. Ya yi magana da Moba, ba da ƙarfi sosai ba, amma yadda na kusa za su ji, sannan ya juya ya fita ba tare da ya waiwaya ba. Na tambayi malamin me ya ce. Ya ce, "Ya ce ba shi da ɗa a cikin ɗakin nan."

Kawu ne ya fitar da ni ta ƙofar baya, ashe ya biyo ni da mahauta biyu. Kafin la'asar labari ya gama gari cewa ɗaliban Sokode sun kafa majalisa sun naɗa ɗan akawu madugun adawa. Mahaifiyarsa ta sa aka ɗauke shi a babur zuwa garin Naki-Est wurin kakarsa tun rana ba ta faɗi ba. Ban samu na yi masa sallama ba. An kira malamin an yi masa tambayoyi, daga baya aka mayar da shi wata makaranta can ƙauye. Yarinyar ta warke, sai tabo. Washegari da safe Kawu ya sa ni a gaban wata motar tumatir mai zuwa kudu.

Na ɗauka in na isa gida abin ya ƙare. Ashe labarin ya riga ni, kuma a Sokode ya juye. A nan ni ce 'yar Kpangalam da ta je arewa ta zama Firayim Ministar gwamnati, ta tsaya gaban jama'a ta ce a bi uba. Matan da suka yi shekaru suna sayen wace a wurin Inna suka riƙa wucewa da kwanoninsu zuwa layi na gaba. Rana ta yi tsaka tukunya tana nan rabi. Sai Inna ta rage awon da take dafawa.

Babana ya tsaya a masallaci bayan la'asar ya yi wa dattawa bayani cewa wasan makaranta ne, ƙuri'a ake jefawa. Da ya dawo ya kira ni zaure.

Ya ce, "Abin da kika faɗa a can, kin yarda da shi?"

Na ce, "A'a, Baba. Gefen da ƙuri'a ta ba ni ke nan."

"Da ta ba ki ɗaya gefen fa?"

"Da na faɗi akasinsa."

Ya ce, "To wannan shi ne na kasa yi musu bayani, don ni ma ban gane ba."

Lauya kuwa gari ya ɗauke shi jarumi. Samari suna tsayar da shi a hanya suna riƙe masa hannu. Ya zo gidanmu sau ɗaya, ya durƙusa ya ba Inna haƙuri kan cinikinta, ya kuma bi gida gida a layinmu yana faɗin cewa ni ba 'yar wani gefe ba ce, kuma hakan ya taimaka, matan suka fara dawowa. Amma da na raka shi ƙofa na tambaye shi maganar ƙyallen, ya ce ko yau aka sake zai rubuta haka. Rumfar ba ta sake taruwa ba. Da aka buɗe jami'a wasu suka kafa ƙungiyar muhawara a Lome, na ji suna ta gardama kan me za su kira tsarin. Ban shiga ba.

Ɗan Dapaong bai koma jami'a ba. Na sake ganinsa bayan shekaru, lokacin da na je ta'aziyyar Kawu. Yana koyar da lissafi a wata makaranta kusa da Naki-Est, ya yi aure, gashinsa ya fara fari. Muka zauna a inuwar wani shago a tasha, na tambaye shi mahaifinsa.

Ya ce tsohon ya rasu. Har ya bar aiki bai taɓa janye maganar nan a gaban mutane ba, kuma shi bai sake kwana a gidansu na Dapaong ba sai ranar jana'iza. Amma tun makon farko, duk ranar kasuwar Naki-Est sai tsohon ya hau keke ya zo, wai sayen zabi. Yakan tsaya a rumfar masu zabi ya yi ta taya farashi ba ya saye, har ɗan ya zo ya tsaya a gefensa kamar shi ma mai saye ne. A haka suke gaisawa, idonsu a kan kwandon zabi, tsohon ya tambaye shi ko yana cin abinci, ya gaya masa lafiyar uwarsa. In ya gama sai ya sayi zabuwa ɗaya, ya ɗaure ta a bayan keke, ya kama hanyar gida.